Injin gashi mai cin ƙwayar itace: tambayoyin sababbin masu shi a Kano

Injin nan na gashi da banda mai cin ƙwayar itace, wato garin itace da aka matse ƙanana-ƙanana, ya fara shiga gidaje da wuraren sayar da abinci a Kano. Wasu odarsa suka yi, wasu 'yan'uwa suka aiko musu, wasu kuma cikin kayan kwatano suka ci karo da shi. Injin kirki ne, sai dai waɗanda suka ƙera shi ba su san ɗauke wuta ba, ba su san ƙurar hunturu ba. Yawancin abin da ake kira lalacewa a nan daga wutar lantarki yake, ko laima, ko toka. Ga tambayoyin da suka fi dawowa.

Wai mene ne wannan injin, kuma me ya raba shi da murhun gawayi?

Tanda ce mai aiki da itace, amma lantarki ke kula da wutar. A gefe akwai mazubi inda ake juye ƙwayar itacen. Ƙarƙashinsa akwai sukuru, wato murɗaɗɗen ƙarfe irin na cikin injin markaɗe, shi ke tura ƙwayar kaɗan-kaɗan zuwa wani ɗan kasko a tsakiyar injin. A cikin kaskon akwai sandar kunna wuta da ke yin jawur, fanka kuma na hura iska. Ma'aunin zafi yana sanar da ƙwaƙwalwar injin halin da ake ciki, ita kuma ta ƙara ƙwaya ko ta rage. Tsakanin wutar da naman akwai faranti biyu na ƙarfe, saboda haka harshen wuta ba ya taɓa nama. Iska mai zafi da hayaƙi ne ke dafa shi.

Wani Ba'amurke mai suna Joe Traeger, a jihar Oregon, shi ya ƙirƙiro shi, ya yi masa rajistar mallaka a 1986. Da wa'adin rajistar ya cika a 2006 sai wasu kamfanoni suka shigo, shi ya sa yanzu ake ganin Pit Boss da Camp Chef da Z Grills da sauransu. Fasalinsu kusan ɗaya ne, amsoshin nan sun shafe su duka.

Na kwance shi daga kwali. In jona shi a soket kawai?

A'a, don Allah dakata. Nemi takardar da ke manne a bayan mazubin ka karanta. Wanda aka yi don kasuwar Amurka wutar 110 zuwa 120 yake ɗauka, tamu kuwa 230 ce. Jona shi kai tsaye na iya ƙone ƙwaƙwalwar nan take, kuma ita ce mafi wuyar samu a cikin kayansa. Ɗan kan soket da ke sauya bakin fulogi ba ya rage ƙarfin wuta, wannan shi ne inda mutane suka fi faɗawa. Abin da ake buƙata shi ne taransifoma mai sauko da wuta, kuma masu kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari sun san ta. Kada ta gaza wat 500, in da hali a ɗauki ta wat 1000 don kada ta riƙa zafi.

Akwai wani ƙaramin bambanci da taransifoma ba ta gyarawa. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Injin da motarsa ke bin wannan bugun zai riƙa juya sukuru da fanka a hankali fiye da yadda aka tsara, da kusan kashi ɗaya cikin shida. Zai yi aiki, sai dai yana iya jinkirin kai wa zafi mai yawa. Wanda aka sayo daga Ingila ko Turai ba shi da ɗaya daga cikin matsalolin nan biyu.

Yaya ake kunnawar farko?

Ba nama a ciki. Cire wayar da ake ɗora nama a kai da farantan biyu don ka riƙa ganin kaskon da idonka. Zuba ƙwaya a mazubi, ka kunna, ka jira har ta fara faɗowa cikin kasko, domin sukurun sabon inji fanko yake, yana ɗaukar 'yan mintuna kafin ya cika. Za ka ga farin hayaƙi mai kauri, daga nan sai ka ji ƙarar wuta ta kama, hayaƙin ya sirance. Kashe shi ta hanyarsa, ka bari ya huce, ka mayar da farantan da wayar, sannan ka sake kunnawa ka bar shi a zafi mai yawa na kusan awa guda don man masana'anta ya ƙone. Warin fenti da za ka ji a ranar ba matsala ba ne.

A fili ake ajiye shi, a ƙasa mai daidai, nesa da katako da labule da janareta. Kada a kunna shi a kicin ko gareji ko shago a rufe, domin itace na fitar da iskar da ke kisa ba tare da wari ba.

Wace ƙwaya zan saya? Ba zan iya zuba gawayi ko garin katako ba?

Ƙwayar garin itace ce mai tauri da aka matse da ƙarfi har ta haɗe da danƙon da ke jikin itacen, kaurinta kusan milimita 6. Sukurun don ita kaɗai aka yi shi. Gawayi zai cije, gari kuma zai toshe. Garin da ake tarawa a 'Yan Katako na Na'ibawa bai dace da abinci ba ko da an matse shi, domin a cakuɗe yake da na filawud mai gam da na katakon da aka yi wa maganin gara. Haka ma ƙwayar da ake yi don ɗumama ɗaki a ƙasashen sanyi, ba ta girki ba ce. Sai wadda aka rubuta a buhunta cewa ta gashi ce.

Ƙwaya mai kyau tana da sheƙi, in ka karya ta sai ta ce ƙas. Wadda ta dushe, take murmushewa a hannu, ta sha laima, kuma ita ce tushen abin da za a yi bayani a tambayar damina a ƙasa. A karanta buhu da kyau, saboda akwai ƙwayar da ake yi da itacen gangunan da aka adana giya a ciki, kuma suna rubutawa ɓaro-ɓaro don su a wurinsu abin talla ne. Shawarata ga wanda bai sayi injin ba tukuna: ya fara tabbatar da inda zai riƙa samun ƙwaya, domin injin ba ya cin komai sai ita.

Buhu ɗaya zai kai ni ina?

Buhun da aka fi gani kilo 9 ne. A ƙaramin zafi injin yana cin kusan rabin kilo zuwa kilo ɗaya a awa, in an ƙure shi kuma ya haura haka. Daren hunturu mai iska ya fi cin ƙwaya, haka ma yawan buɗe murfi.

Na kunna, fanka na juyawa, amma wuta ta ƙi kamawa.

Kashe, ka zare fulogi, ka buɗe ka dubi kaskon. Wannan dubawar ita ce farkon kowane gyara. In babu ƙwaya a ciki, to sukuru bai kawo ba: ko mazubin ya ƙare, ko sukurun ya cije. In ƙwaya ta cika maƙil amma ba ta ƙone ba, to ko toka ta binne sandar kunnawa, ko ƙwayar ta jiƙe, ko sandar ta mutu. Kwashe komai tsaf, ka kunna babu ƙwaya, ka kusantar da hannu ba tare da taɓawa ba. Cikin mintuna biyu zuwa uku ya kamata ka ji zafi na tasowa. In shiru, a duba fis ɗin da ke bayan allon sarrafa injin kafin a yanke wa sandar hukunci.

Abin da ba a yi shi ne a yi ta kashewa ana kunnawa. Kowace kunnawa ƙarin ƙwaya ce a kan wadda ta taru. In ta zo ta kama, hayaƙin da ya cika injin yana iya tashi gaba ɗaya ya buga murfin da ƙarfi. Kuma kada a kuskura a zuba kananzir ko fetur.

An ɗauke wuta ina tsakiyar gashi. Me zan yi?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a garin nan. Da zarar wuta ta tafi, fanka da sukuru sun tsaya, amma garwashin kasko bai mutu ba, yana nan yana ci a hankali. Idan aka dawo da wuta ka danna kunnawa kawai, injin zai ɗauka daga farko yake, ya zubo sabuwar ƙwaya mai yawa a kan tsohuwa. Sakamakon shi ne zafi ya yi tsalle, ko bugun murfin da aka ambata a sama. Wasu injinan Pit Boss suna nuna ErP bayan irin wannan, ma'ana ba a kashe su ta hanyar da ta dace ba.

Ga yadda ya kamata. Kashe makunni, ka bar murfi a rufe don zafin ya daɗe. In ka ga ba yanzu za a kawo ba, kwashe naman zuwa tandar gas ko kan gawayi a ƙarasa. Kafin sake kunna injin, a jira ya huce, a cire farantai, a kwashe abin da ke kasko cikin gwangwanin ƙarfe, sannan a fara daga farko. A riƙa leƙa mazubi a lokacin jiran, domin rashin iskar fanka na sa wuta ta bi sukuru ta koma baya, duba tambayar hayaƙi a mazubi.

Sai batun lafiyar naman. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas. Naman da bai gama dahuwa ba kada ya wuce awa biyu a wannan tsakanin, a zafin Afrilu ma awa ɗaya ce. Wanda ya kwanta barci ya tashi ya tarar injin ya mutu tun tsakar dare, naman ya yi sanyi, gara ya haƙura da shi. Na san asara ce mai ciwo, amma ba ta kai kwantar da iyali a asibiti ba.

To inbata ya fi ko janareta?

Inbata, nesa ba kusa ba. Injin ba ya shan wuta sosai: kusan wat 300 a mintunan farko da sandar kunnawa ke aiki, daga nan ya sauko kusan wat 50. Gashin awa goma ke nan bai wuce abin da batir ɗaya mai ƙarfin 200Ah zai ɗauka cikin sauƙi ba. A tabbata inbatan mai tsaftatacciyar wuta ne, irin wanda ba ya sa fankar ɗaki gurnani. Kuma a bar injin a kan inbatan tun daga farko har ƙarshe, ko da akwai wutar KEDCO. Janareta yana iya ɗauka, amma 'yan daƙiƙun da ake ɓatawa wajen sauya layi sun isa su kashe ƙwaƙwalwar, kuma ƙananan janareta wutarsu na hawa da sauka.

Na saita shi a 225 amma lamba sai hawa take tana sauka. Ya lalace ne?

Da farko a san cewa 225 ɗin nan ma'aunin Faranhait ne, wato digiri 107 a Salshiyas. Haka 180 digiri 82 ne, 250 kuma 121. Yawancin injinan suna da wurin sauya ma'aunin. Hawa da sauka na digiri 10 zuwa 15 ba lalacewa ba ce, haka wutar itace take: ƙwaya ta zubo, ta yi hayaƙi, ta kama, zafi ya hau, ya sauko. A wannan saukowar ma ake samun hayaƙin da ake so. Babban nama ba ya jin wannan motsin.

Yanayinmu yana ƙara abin. Daga Maris zuwa Mayu, baƙin ƙarfe a tsakar rana ya riga ya ɗauki zafi tun kafin a kunna shi, sai ka ga ya ƙi zama a ƙaramin zafi. A kai shi inuwa mai iska, ko a yi gashin da asuba ko bayan la'asar. A hunturu kuma iska ce ke sace zafin, sai a juya bututun hayaƙin ya ba iskar baya. In tsallen ya wuce misali, a goge ma'aunin zafin da ke tsaye a cikin injin, siririn ƙarfe ne kamar tsinke, maiƙo da ƙura na rufe shi ya riƙa ba da labarin ƙarya.

Allon ya rubuta LEr ko HEr.

A injinan Traeger, LEr na nufin zafi ya faɗi ƙasa ya daɗe, wato wuta ta mutu. HEr na nufin zafi ya wuce iyaka. Na farko, a dubi mazubi: wani lokaci ƙwaya tana zurarewa ta tsakiya ta bar rami, gefe a cike amma sukuru na juya iska. Tura ta da hannu lokaci-lokaci a dogon gashi yana hana wannan. Na biyu kuwa yawanci ƙwaya ce ta taru ko maiƙo ya kama. A duka biyun, a kwashe kasko kafin a sake kunnawa. Kowane kamfani da nasa haruffan, a ajiye littafin injin kusa.

Tun da damina ta faɗi sukurun ya daina juyawa.

Ƙwaya ce ta sha laima ta kumbura a cikin bututun, ta bushe ta zama kamar siminti. Ba sai ruwa ya taɓa ta ba, iskar Agusta kaɗai ta isa. Za ka ji mota na gurnani ba ta juyawa. Kashe nan da nan kada ta ƙone. A kwashe mazubin, a kwance motar, a zaro sukurun ana murɗa shi a hankali, a kankare bututun. Aikin haƙuri ne, ba na guduma ba.

Daga Yuni zuwa Satumba kada a bar ƙwaya ta kwana a inji. Bayan gashi a juye mazubi, a bar injin ya cinye wadda ke cikin sukuru, a adana sauran a bokitin roba mai murfi, a ɗora a kan katako ba a kan siminti ba. A hunturu laima ba ta damun kowa, ƙura ce abokiyar gaba: a rufe injin, a riƙa kaɗe fanka.

Hayaƙi na fitowa ta mazubi, ko wuta ta tashi a ciki.

Hayaƙi a mazubi alama ce wuta ta bi sukuru. Abin da ya fi jawo shi zare fulogi da zarar an gama. Injin yana da tsarin kashe kansa, fanka na ci gaba da hurawa kusan minti 10 zuwa 15 har ragowar ƙwayar ta cinye. A bar shi ya gama. In hayaƙin ya riga ya fara, a bar murfin mazubi a rufe, a tsaya a kansa har ya lafa, sannan a kwashe ƙwayar.

Wutar maiƙo kuwa daga faranti mai datti take, musamman in an gasa rago mai kitse jiya, yau aka ƙure zafi. Kashe injin, ka zare fulogi, ka bar murfi a rufe ta mutu don rashin iska. Ba a watsa wa wutar maiƙo ruwa. In ta fito waje, a janye yara a kira 'yan kwana-kwana.

Naman ya yi laushi amma ban ji hayaƙi kamar na mai tukuba ba.

Gaskiya ne, kuma kusan kowa ya faɗi haka a gashin farko. Fanka na sa ƙwayar ta ƙone sarai, hayaƙinta siriri ne. Ɗanɗanon tukuba kuma rabinsa daga kitsen da ke ɗiga kan garwashi yake, a nan kuwa faranti ya tare shi. Don ƙarin hayaƙi, a sa nama da sanyinsa, a fara da awa ɗaya ko biyu a digiri 82, sannan a ƙara zafi. Wanda ya wuni a gaban inji hancinsa ya riga ya saba, sau da yawa sai washegari yake jin ƙamshin da baƙi suka ji tun jiya.

Zai yi tsire da balangu da kilishi?

Tsire dai a bar wa gawayi. Siririn nama wuta mai kusa yake so, a nan bushewa zai yi kafin ya yi launi. Wasu injinan Pit Boss suna da ƙofa a faranti da ake zugewa wuta ta fito, amma wurin ɗan kaɗan ne. Balangu kuwa yana yin kyau ƙwarai, haka kafaɗar rago da haƙarƙari, kuma a ranar layya wannan shi ne babban amfaninsa. Kifin banda, tarwaɗa ko ƙarfasa, shi ma gidansa ne. Kilishi a shanya shi yadda aka saba, a tsoma a labu, sannan a ƙarasa a mafi ƙanƙantar zafi, ga shi kuma ya tsira daga ƙuda da ƙura. Yajin ƙuli yana ɗaci in ya daɗe a wuta, saboda haka a fara da gishiri da citta da tafarnuwa da masoro, a barbaɗa yajin dab da saukewa.

Na bi yadda Turawa ke yi a bidiyo, naman sa ya fito a bushe.

Ba irin naman ba ne. Nasu shanun an turke su an ciyar da hatsi, kitse ya ratsa tsokar. Namu, Bunaji ko Bokolo da aka koro daga kasuwar Wudil, sun sha tafiya, tsokarsu tsantsa ce. Idan ka je Abbatuwa ka ce wa mahauci ya ba ka tozo ko ƙirji ko haƙarƙari, kuma kada ya feɗe kitsen. Tozo, a ganina, shi ne naman da ya fi dacewa da injin nan a duk abin da muke da shi. Cinya ba ta dogon gashi ba ce.

Idan zafin cikin naman ya kai wajen digiri 65 zuwa 75 a Salshiyas zai tsaya cak, wani lokaci na awoyi. Ruwan da ke fita daga jikinsa ne ke sanyaya shi, ba injin ne ya gaza ba. A nan ake naɗe shi a takardar alminiyam da ɗan romo ko man shanu, a mayar har ya kai kusan digiri 93 zuwa 95, lokacin da jijiya ta narke, tsinke na shiga ba turjiya. A bar shi a naɗe ya huta awa guda kafin a yanka.

Na gasa kaza, maigida ya ga ja-ja a gefen naman ya ce ba ta dahu ba.

Hajiya, wataƙila ta dahu sarai. Hayaƙin itace yana haɗuwa da launin tsoka ya bar jan zobe a ƙarƙashin fata, kuma ba ya gushewa komai daɗewar gashi. Alamar ɗanyen nama a tsakiya take, kusa da ƙashi, ba a gefe ba. Ki soka ma'aunin zafi a wuri mafi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba: kaza da zabo digiri 74, niƙaƙƙen nama 71, kifi 63. In fatar ce ta yi tauri kamar roba, ƙaramin zafi ne ya jawo, ki ɗaga zuwa digiri 180 ko 190 a Salshiyas a ƙarshe. Zabo da kazar gida ba su da kitse, ki jiƙa su a ruwan gishiri na 'yan awoyi tukuna.

Na kwatano na samu. Me zan duba?

Ƙarfin wutarsa tukuna, kamar yadda aka faɗa a tambaya ta biyu. Sai kaskon, ko tsatsa ta huda shi, sai a kunna a gaban mai sayarwa a ga sukuru da fanka da sanda duk suna aiki. Akwai kuma abin da ya shafe mu: a ƙasashen da yake fitowa, naman alade na cikin abin da aka fi gasawa a irinsa. A kankare maiƙon ciki tas, a wanke waya da farantai, wayar ma in da hali a ba maƙeri ko mai walda ya yi sabuwa da ƙarfen da ba ya tsatsa, kada a yi da ƙarfe mai shafi irin na kwanon rufi, domin yana fitar da guba in ya ji wuta. Hukuncin tsarkinsa kuma a tambayi malami.

Sau nawa ake share shi, kuma wa zai gyara in ya lalace?

A kwashe tokar kasko bayan kowane gashi biyu ko uku, da kuma kafin duk wani dogon gashi, bayan injin ya huce sarai. A shimfiɗa takardar alminiyam a farantin maiƙo a riƙa sauyawa, a zubar da abin da ke cikin bokitin maiƙo kafin ɓeraye su gano shi. Kada a wanke cikinsa da tiyo.

Kayan da ke mutuwa sanannu ne: sandar kunnawa, fis, ma'aunin zafi, motar sukuru, fanka. Duk da ƙusoshi da 'yan wayoyi masu fulogi aka haɗa su, mai gyaran lantarki mai natsuwa zai iya sauya su in an ba shi kayan. Samun kayan ne aikin, saboda haka duk wanda zai yi odar ƙwaya ya haɗa da sandar kunnawa ɗaya da ma'auni ɗaya da fis, daidai da lambar injinsa da ƙarfin wutarsa. Kafin a cire kowace waya a ɗauki hotonta da wayar hannu, don a san inda za a mayar.